Ni da maigidana lafiyarmu lau, daga ina ɗanmu ya gaji sikila?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah a Tahoua. Ta ce shekararsu tara da aure, ita da maigidanta ba wanda ya taɓa doguwar jinya, ƴaƴansu biyu na farko kuma lafiyarsu lau. Na ukun ne tun yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka riƙa kumbura, ya kwana yana kuka. Da aka je likita aka auna jininsa, aka ce sikila ce, SS. Uwar mijinta ta ce su a zuri'arsu ba a san wannan ciwo ba, daga jinin gidan su matar ya ɓullo, har an fara yi wa mijin zancen ƙarin aure. Abu biyu take son sani. Daga wajenta ciwon ya zo? Kuma tunda an ce ɗaya cikin huɗu ne, cikin da za ta yi nan gaba ya tsira ke nan?

Ɗiyata, Allah ya ba yaron sauƙi, ke kuma ya ƙara miki juriya. Bari in fara ba ki amsa a dunƙule don hankalinki ya kwanta, sannan in warware. Yaron da aka tabbatar SS ne ya karɓi S, wato ƙwayar gadon sikila, ɗaya daga wajenki, S ɗaya daga wajen mahaifinsa. Rabi da rabi ne, ba wanda ya fi wani kaso. Amsar tambaya ta biyu kuwa a'a ce: kowane ciki da nasa lissafin, na baya ba ya rage wa na gaba komai. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a lise nan Yamai, kafin nan kuma na yi aiki a gonar gwaji inda ake tace irin wake da hatsi, saboda haka ta hanyar shuka zan bi da ke, don ta nan ɗan Adam ya fara gane wannan al'amari.

Mu Hausawa ba baƙin zancen gado ba ne. Mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idan kuma ɗa ya saɓa wa iyayensa mu ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Inda muke tuntuɓe shi ne kalmar jini. Hoton da ke kanmu shi ne jinin uba da na uwa suna haɗuwa kamar a zuba nono a fura a dama, wanda ya fi ƙarfi ya rinjayi ɗanɗanon. Malaman Turai ma haka suka ɗauka har wajen ƙarshen ƙarni na 19. Amma uba ba ya ba ɗansa ko ɗigon jini ɗaya, jinin uwa ma ba ya kwarara cikin jijiyar ɗan tayi, jariri shi ke ƙera nasa jinin da kansa. Sannan da a ce damawa ake yi, da duk wani hali ya riƙa tsinkewa daga kaka zuwa jika har ya ɓace, da kuma ba za a taɓa ganin zabiya ya fito daga baƙaƙen iyaye biyu ba. Ga shi kuwa muna gani.

Wanda ya fara kwance wannan ƙulli wani malamin coci ne mai zaman zuhudu, Gregor Mendel, ɗan manoma da aka haifa a 1822. A garin Brno ya zauna, wanda a lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya, yau kuma yana cikin ƙasar Cek. Ya yi karatun lissafi da kimiyya a jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, kuma a ganina wannan ne sirrinsa: waɗanda suka riga shi haɗa irin shuka kallo kawai suke yi su bayyana abin da suka gani, shi kuwa ƙirgawa ya yi. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka tsiro kusan 28,000 a ɗan lambun gidan zuhudunsu, na koren waken nan da muke saye a gwangwani muna kira pitipuwa.

Zaɓen wannan shuka ba a banza ya yi shi ba. Furenta a rufe yake, yana yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe, kamar yadda wakenmu yake yi. Hatsi ba haka yake ba, iska ce ke kwasar bununinsa daga gonar maƙwabci ta kai wa taka, shi ya sa da wuya ka riƙe irin hatsi tsantsa. Idan kana son ka haɗa iri biyu na shuka mai rufaffen fure, sai ka sa hannu. Na yi wannan aikin a kan wake, har yanzu yatsuna suna tuna shi. Da la'asar sakaliya za ka nemi tohon furen da zai buɗe gobe, ka tsaga shi a hankali da ɗan hantsaki, ka tsince sassan namiji guda goma ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka taɓa na macen ba. Da asuba kafin rana ta yi zafi ka tsinko buɗaɗɗen fure daga wancan irin da ka zaɓa ya zama uba, ka goga garinsa a kan macen, ka ɗaura zare da ƴar takarda mai ɗauke da sunan uwa da uba. Da yawa sukan kaɗe su faɗi. Idan ka yi talatin a safiya ɗaya bayanka ya gaya maka. Irin wannan aikin Mendel ya yi shekara takwas.

Ya tara iri 34, ya gwada su shekara biyu don ya tabbatar kowanne abin da aka shuka shi yake haifarwa, ya riƙe 22. Sannan ya ware halaye bakwai waɗanda ba su da tsaka-tsaki: ƙwaya sumul ko mai yamushi, cikinta rawaya ko kore, tsiro dogo ko gajere, da sauransu. Ya haɗa mai sumul da mai yamushi. Ƴaƴan farko kaf sumul suka fito, babu ko ɗaya mai ɗan yamushi-yamushi. Ya juya, wanda ya yi uba ya mai da shi uwa, sakamakon bai canza ba. Ki riƙe wannan, ɗiyata, domin amsar uwar mijinki tana nan: ko ta wajen uwa halin ya shigo ko ta wajen uba, nauyinsa ɗaya ne.

Wani zai ce to, yamushi ya mutu ke nan. Mendel bai tsaya nan ba. Ya shuka waɗannan ƴaƴan ya bar su suka yi wa kansu barbara, ya ƙirga jikoki. Cikin ƙwaya 7,324, ya sami sumul 5,474, masu yamushi 1,850. Yamushin da ya ɓace ya dawo cif yadda yake a kaka, bai tsinke ba. A launi, cikin 8,023 ya sami rawaya 6,022, kore 2,001. A tsawo, dogaye 787, gajeru 277. Duk halayen bakwai lissafi ɗaya suka ba shi, wajen uku a nan, ɗaya a can.

Sai ya ƙara taki ɗaya wanda a wurina ya fi duka kyau. Ya ɗauki jikoki masu sumul guda 565 ya shuka, don ya ga abin da ke cikinsu. Guda 193 sumul zalla suka haifa. Guda 372 kuwa, duk da a ido sumul ne, sun haifi sumul da masu yamushi a haɗe. Wato cikin kowane uku masu kyan gani, biyu suna ɗauke da ɓoyayyen hali.

Daga nan ya fitar da bayaninsa. Kowane hali yana da abin da ke ɗauke da shi, ƙwayar gado, kuma kowane mai rai yana da ita biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Biyun suna zama tare amma ba sa narkewa cikin juna. Idan sun bambanta, ɗaya na iya rinjaya ta bayyana a jiki, ɗayar ta laɓe. Ranar da za a haifar, biyun sai su rabu, kowane ƙwan mace da kowace ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak ke ɗauka, kuma ba mai zaɓen wacce. Halin da ke laɓewa ba ya fitowa fili sai ya gamu da irinsa daga ɗaya ɓangaren.

Yanzu mu dawo gidanki. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya raba wa jiki, sunansa hemogulobin. Ƙwayar gadon da ke tsara shi tana da nau'i: wanda aka saba shi ne A, akwai kuma S. Mai SS, idan iska ta yi ƙaranci a jininsa, ƙwayoyin sai su ƙage su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su kuma mutu da wuri. Toshewar ce ciwon ƙashin da kumburin, mutuwar da wuri ce ƙarancin jinin. Abin da ya sa yaronki bai nuna komai ba sai da ya haura wata shida shi ne jariri yana zuwa duniya da wani hemogulobin na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, a hankali yake raguwa. Mai AS kuwa yana da isasshen A da zai riƙe shi, yakan rayu har tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Ke AS ce, maigidanki ma AS ne. Ku ne waɗannan ƙwayoyin sumul masu ɓoyayyen yamushi. Shi kuma S ɗinsa bai tsince ta a hanya ba, daga mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya karɓa. Idan uwar mijinki ta ce ba a san ciwon a zuri'arsu ba, mai yiwuwa gaskiyarta ce, domin S tana iya bin zuri'a kaka da kakanni a laɓe matuƙar ba ta gamu da ƴar'uwarta ba. Mai yiwuwa kuma an yi shi ba a sa masa suna ba. Tsofaffin gidaje nawa ne ke da labarin yaran da suka rasu suna ƙanana, aka ce amosani ne, ko shawara, ko iska?

Akwai abin da nake sa ɗalibai su yi a aji, ki gwada shi a tsakar gida, zai fi dogon bayani shiga. Ki samo ƙoƙo biyu. A kowanne ki sa wake biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Ƙoƙon dama ke ce, na hagu maigida. Fari shi ne A, ja shi ne S. Ki rufe ido, ki ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ki buɗe hannu. Wannan ɗa ɗaya ke nan. Ki duba ki rubuta, sannan ki mayar da kowane wake ƙoƙonsa kafin ki sake ɗauka. Hanya huɗu ce kawai: fari da fari, AA, farinki da jansa, AS, janki da farinsa, AS, ja da ja, SS. Idan kika yi sau ɗari za ki ga ja da ja sun fito wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ki lura da yadda suke zuwa. Wani lokaci a yi goma a jere ba su fito ba, wani lokaci su fito sau uku a jere. A aji, duk sanda haka ta faru sai yaron da ke ɗauka ya leƙa ƙoƙon ya ga ko abokinsa ya yi masa wayo. Ba wayo, mayar da waken da ake yi ne. Ƙoƙo ba ya tuna abin da aka ɗauka ɗazu.

Shi ya sa nake jin ciwo duk lokacin da na ji an gaya wa iyaye "ɗaya cikin huɗu" aka sallame su ba ƙarin bayani. Mutane sukan fahimce shi kamar rabon gado, wai an fitar da kason ciwo, saura uku lafiyayyu. Mendel bai ga uku da ɗaya a kwanso guda ba, sai da ya tara dubbai. A gida mai ƴaƴa huɗu, iyaye AS da AS, yiwuwar a ce babu SS ko ɗaya 81 ce cikin 256, kusan gida ɗaya cikin uku. Yiwuwar ciki biyu a jere su zo SS kuwa ɗaya ce cikin 16, kuma a gari kamar Tahoua gida ɗaya cikin goma sha shida ba abin mamaki ba ne. Cikinki na gaba, idan Allah ya kawo, ɗaya cikin huɗu ne SS, biyu AS, ɗaya AA, daidai da na farko.

Manyan ƴaƴanki biyu fa? Tunda lafiyarsu lau, kusan tabbas ba SS ba ne. To amma ki tuna 372 da 193 na Mendel. Kowannensu yiwuwar ya zama AS biyu ce cikin uku. Wannan ba ciwo ba ne, amma sani ne da za su buƙata ranar da zancen aure ya taso.

Na san wata magana da ake yi a irin wannan hali: ai yaron da dangin uwarsa yake kama, dubi hancinsa, dubi goshinsa, to ciwon ma nasu ne. Mendel ya amsa wannan ma. Ya haɗa halaye biyu a lokaci guda, siffar ƙwaya da launinta. Cikin jikoki 556 ya sami sumul rawaya 315, sumul kore 108, mai yamushi rawaya 101, mai yamushi kore 32, wato wajen 9 da 3 da 3 da 1. Siffa ta bi hanyarta, launi ya bi tasa, har aka sami haɗin da babu shi a kakanni. Hancin yaro da hemogulobin ɗinsa ba a ɗaure suke a dami ɗaya ba. Yana iya ɗauko fuskarki kamar an tsaga kara, S ɗaya dai daga mahaifinsa take.

Mendel ya karanta sakamakonsa a gaban ƙungiyar masana halittu ta Brno a watan Fabrairu da Maris na 1865, aka buga a 1866, ba wanda ya kula. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan zuhudun, aikin mulki ya cinye shi, ya rasu a 1884. Sai a 1900 masana uku, De Vries a Holan, Correns a Jamus da Tschermak a Ostiriya, suka fito da aikinsa fili. Bayan haka abubuwa suka bi da sauri. A 1902 da 1903 Sutton da Boveri suka lura cewa wasu ƴan zare-zare da ake gani da madubin ƙara girma a tsakiyar ƙwayar jiki, kuromozom, su ma biyu-biyu suke, kuma suna rabuwa daidai yadda Mendel ya ce ƙwayoyin gado suna yi. A 1910 Thomas Morgan a Amurka, yana kiwon ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, ya sami namiji ɗaya mai farin ido a cikin masu jan ido, daga bin zuri'arsa ya nuna cewa ƙwayoyin gado a kan kuromozom suke, daga baya kuma shi da ɗalibansa suka tabbatar cewa a jere suke kamar ƴaƴan carbi. Daga nan aka gane cewa waɗanda ke kusa da juna a zare ɗaya sukan tafi tare, saboda haka dokar Mendel da ta ce kowane hali yana bin hanyarsa dabam tana da iyaka. Mu mutane muna da kuromozom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba, ƙwayar gadon sikila tana kan na 11, wanda kowa, mace da namiji, yake da shi biyu.

Don kada in ba ki rabin gaskiya, akwai cututtukan da ɗa namiji ta wajen uwa kawai yake gadonsu. Mace tana da kuromozom X biyu, namiji X ɗaya da Y ɗaya. Ɗa namiji Y yake karɓa daga uba, X daga uwa, don haka duk abin da ke kan X ɗin nan ba shi da abokin da zai rufe shi. Ciwon rashin daskarewar jini, wanda ya bi zuri'ar Sarauniya Biktoriya ta Ingila, haka yake tafiya, haka ma rashin bambance ja da kore. Sikila ba ta cikin wannan sahu. Wannan lissafin kuma shi ke nuna cewa ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. Matan da ake goranta wa haihuwar ɗiya mata zalunci ake yi musu. Shi ma uban ba zaɓa ya yi ba, ƙoƙo ne da wake.

Me ya sa S ta yi yawa a ƙasashenmu, alhali tana kashe yara? Wani likita a Shikago, James Herrick, ya fara bayyana ƙwayoyin masu kama da lauje a 1910, a 1949 James Neel ya nuna cewa gadon ciwon bin lissafin Mendel yake yi sak. A 1954 Anthony Allison, daga binciken da ya yi a gabashin Afirka, ya nuna cewa yara masu AS sun fi tsira daga mummunar masassarar cizon sauro. A ƙasar da sauro ke ɗauke yara duk damina, mai AS ya fi samun damar girma ya haihu, sai S ta yaɗu. Wato abin da ake goranta miki shi ne ya taimaki kakanninki da kakannin maigidanki suka rayu. Kada dai a ɗauka mai AS ba ya kamuwa, yana kamuwa, gidan sauro wajibi ne a kansa kamar kowa.

Akwai kuma nau'i na uku da ake mantawa da shi, C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, mu ma muna da shi. Idan AS ya auri AC, ɗaya cikin huɗu na iya zuwa SC, shi ma ciwon sikila ne, ko da yake sau da yawa ya fi SS sauƙi, kuma yakan taɓa ido.

Wannan ya kawo mu zancen ƙarin aure. Ƙarin aure shawararsa ce, ba ni zan yanke masa ba, amma kada a kira shi magani. Maigidanki zai shiga ɗakin amarya da ƙoƙonsa yadda yake, fari ɗaya, ja ɗaya. Idan amaryar AS ce, lissafin ɗakinki ne zai maimaitu. Idan AC ce, ga SC. Idan AA ce ba za a sami SS ba, amma wajen rabin ƴaƴan za su ɗauki S su wuce da ita gaba. Da ke ma AA kika aura, da haka naki lissafin zai kasance.

Game da auren zumunci kuwa, tun 1902 likitan Ingila Archibald Garrod ya lura cewa wani ciwo da ba a cika gani ba, mai sa fitsari ya yi baƙi, ya fi fitowa a ƴaƴan da iyayensu ƴan wa da ƙane ne. Dalilin a fili yake: irin waɗannan ma'aurata sun haɗa kaka, kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu tushe ɗaya ne, don haka ɓoyayyen hali ya fi saurin gamuwa da irinsa. A gidan da aka riga aka ga SS, haɗa yara aure ba awo ganganci ne, wannan ra'ayina ne kuma ba na ɓoye shi. Sai dai S ta yi yawa a cikinmu har auren bare ma ba kariya ba ne. Awo ne kariya.

A nan ma akwai tarko. Mutane da yawa sukan nuna mini katin rukunin jini, O ko A ko B, su ce ai an auna su. Wannan wani abu ne dabam, A ta rukunin jini ba ita ce A ta hemogulobin ba. Akwai kuma gwajin Emmel da ƙananan ɗakunan awo ke yi, wanda ke nuna akwai S ko babu kawai, ba ya raba AS da SS, ba ya ganin C. Wanda za ku nema shi ne elektoroforez na hemogulobin, awon da ke raba A da S da C, a takardar likita za ki ga sunan ciwon da Faransanci drépanocytose. Wanda aka ƙara wa jini ya gaya wa likita, don jinin da aka sa masa yana rikita sakamako har wajen wata uku. Idan kuma takardar maigida ta fito da abin da bai dace da lissafin nan ba, kada kowa ya yi saurin zargi. A sake awon a wani wurin. Ana samun kuskure, akwai kuma wani nau'in gado da ake kira talasemiya wanda idan ya haɗu da S yakan ba da ciwo mai kama da SS, alhali mai ɗauke da shi takardarsa na iya kama da ta AA.

Zargi a kan kamanni tsohon abu ne. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani mutum ya je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kokwanto don matarsa ta haifi yaro baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Aka ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Aka ce daga ina ya fito, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Aka ce masa ɗansa ma wataƙila haka ne. Makiyayan Azawak sun san wannan a garkensu. Sai dai launin fata, da tsawo, da yawan nonon saniya, ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su ba, masu yawa ne, kowace da ɗan kasonta, ga kuma abinci da kiwo. Ronald Fisher ya nuna a 1918 cewa idan ƙwayoyi da yawa suka taru a kan hali ɗaya, sakamakon a ido sai ya yi kama da damawa, alhali a ƙasa kowace tana bin dokar Mendel. Shi ya sa tace shanun Azawak a tashar Tukunus ke cin shekaru, shi ya sa kuma manomin albasa a Galmi yake zaɓen kawunan da zai bari su yi iri kowace shekara ba ya gajiya. Sikila tana cikin ƴan halayen da lissafinsu ya fito sarai, ƙoƙo biyu da wake huɗu sun ishe shi.

Abin da nake ba ki shawara, ku je awon ku biyar, ke da maigida da yaran, a rana ɗaya, shi ya karɓi takardarsa da hannunsa, kuma ku roƙi likita ya yi bayani yana zaune. Idan da hali, shi ya kai wa mahaifiyarsa maganar, ta fi jin ta daga bakin ɗanta. Shi kuma ƙaramin, a sa shi cikin masu zuwa ganin likita a kai a kai, ba sai ciwo ya tashi ba. Akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila a nan Yamai, likitan da ke ganinsa a Tahoua zai iya tura ku idan ya ga buƙata. Ya sha ruwa sosai musamman a bazara, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, ya kwana a gidan sauro, a cika masa allurar rigakafi, a tambayi likita zancen folik asid da penisilin na kullum, da kuma ko ya dace a sa shi a kan maganin hidiroksiyuriya. Ranar da kika taɓa jikinsa kika ji zafi, ko kika ga tafin hannunsa ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, kada ki jira gari ya waye, ki goya shi ku tafi.